Wa Ke da Ƙasar Nan? Nasiha ga Matasa Masu Wasan Crusader Kings

A cikin wasannin kwamfuta da ke ɗora mutum kan gadon sarauta, da wuya a sami wanda ya kai Crusader Kings III rikita sabon shiga. Kamfanin Paradox da ke birnin Sitokholm na ƙasar Suwidin ne ya fitar da shi ranar 1 ga Satumba, 2020, bayan na biyu da ya fito a 2012. Mai wasa mutum ɗaya yake ɗauka, basarake mai iyali da barori da maƙiya, ya fara daga shekarar 867 ko 1066 ko 1178. Idan basaraken ya mutu sai ya ci gaba da magajinsa, haka haka har 1453, muddin zuriyar ba ta yanke ba. Tara mayaƙa da kai hari ana koyonsu cikin yini guda. Abin da ke sa matasa da yawa su kashe kwamfuta cikin fushi shi ne rasa amsar tambaya ɗaya: wai wa ke da ƙasar nan?

Ƙorafin iri ɗaya ne. Wani ya ci gari da yaƙi, ya waiwaya ya tarar garin yana hannun wani baƙo da ya zauna a fadarsa. Wani ya ba amintaccen baransa sarauta don ya faranta masa, baran ya kwashi yankin ya ɓalle. Wani ya kwashe shekara arba'in ta cikin wasa yana haɗa ƙasa, ranar da sarkinsa ya mutu 'ya'ya uku suka raba ta kashi uku, kowa ya kama gabansa. Wani kuma ba yaƙi ba tawaye, wata tsohuwa mai riƙe da gunduma a ƙarƙashinsa ta rasu, gundumar ta koma launin maƙwabciyar ƙasa. Duk wanda wannan ya faɗa wa yakan ce wasan ne ya lalace.

Wasan bai lalace ba. Gaskiya ne bayaninsa yana ɓoye a cikin ƙananan akwatunan rubutu da sai an ɗora kibiyar linzami a kansu suke buɗewa, kuma masu shi sun cancanci a ɗora musu laifin wannan. Amma asalin ruɗanin daga kan mai wasa yake. Yaron da ya tashi yana kallon taswirar makaranta ya saba da cewa kowace ƙasa launi ɗaya gare ta, iyaka ɗaya, mai iko ɗaya. Mutanen da wasan yake kwaikwaya ba haka suka san ƙasa ba. A wurinsu fili ɗaya yana iya ɗaukar haƙƙin mutum huɗu ko biyar a lokaci guda, kowa da rabonsa, kowa da hujjarsa. Matashin da ya yi haƙuri ya fahimci wannan zai iya wasan, kuma zai fita da ilimin da ya fi wasan daraja.

Lokacin da wasan ya fito, tsarinsa tsani ne mai hawa biyar. A ƙasa akwai gari guda, ko dai mai ganuwa, ko na kasuwa, ko na wurin ibada. Garuruwa kaɗan su ne gunduma, gundumomi su haɗu su zama lardi, larduna su zama masarauta, masarautu su zama daula. Kowane mataki sarauta ce mai zaman kanta da mutum zai iya riƙewa. Daga nan sai tambayoyi uku da ya kamata mai wasa ya riƙa yi wa kowane yanki kafin ya taɓa shi. Wa ke riƙe da shi yanzu, yana cin harajinsa kai tsaye? Wa mai riƙon ya yi wa caffa? Sannan a bisa tsohuwar ƙa'ida, wadda wasan ke kira de jure, wace sarauta ce ya kamata yankin ya kasance ƙarƙashinta? Sau da yawa amsoshin uku mutane uku ne daban, kuma wasan yana da taswira daban don kowace tambaya. Sabon shiga yakan tsaya kan taswirar farko kawai, wadda ke nuna wanda ke da iko a yau.

Darasin koyo da ke cikin wasan ya nuna abin ƙarara. Ana ba mutum Murchad, mai lardin Munster a kudancin Ayalan, a shekarar 1066. Idan ya duba taswirar masu iko zai ga gundumar Desmond tana hannun wani basarake mai cin gashin kansa. Idan ya juya zuwa taswirar larduna zai ga Desmond a cikin Munster take. Wannan saɓanin shi ne hujjarsa ta yaƙi, domin wasan ba ya barin basaraken irinsa ya far wa maƙwabci haka kawai sai da dalilin da mutanen zamanin za su yarda da shi. Haka nan ba a ƙirƙirar sarautar lardi sai mutum ya mallaki fiye da rabin gundumominsa. Ita kanta tsohuwar ƙa'idar tana motsi a hankali: lardin da ya daɗe ƙarƙashin baƙuwar masarauta, kimanin shekara 100, yakan rikiɗe ya zama nata a takarda.

Da wannan a hannu, ƙorafe-ƙorafen nan suna warware kansu. Wanda bai fi mutum daraja a tsani ba ba zai zama ubangidansa ba, shi ya sa mai lardin da ya ba baransa lardi ya sallame shi ke nan. Wanda ya shiga yaƙi da sunan haƙƙin baƙonsa, baƙon ya yi wa aiki, kuma idan sarautar ta kai tasa girma baƙon zai tafi da ita. Tsohuwar da ta rasu kuwa magajinta babban basarake ne a wata ƙasa, sai gado ya bi jini ya tsallake iyaka. Akwai kuma iyakar yawan gundumomin da mutum zai riƙe da hannunsa, idan ya zarce ta haraji ya ragu, barori su fara gunaguni. Dole ya raba, kuma wanda ya iya rabo yakan bi layin tsohuwar ƙa'ida, ya haɗa wa mai lardi gundumomin lardinsa, don kada ya kwana yana hararar abin da yake ganin nasa ne a hannun wani.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da masu wasan suka ƙaga daga iska. Rabon gado da ke ƙona wa 'yan wasa rai shi ne ya wargaza babbar daular Yammacin Turai. Mai daular, Sharlaman, ya mutu a 814, ɗansa Luwi ya mutu a 840, 'ya'yan Luwi uku suka gwabza, sannan a 843 suka zauna a Verdun suka yanka daular kashi uku. Kason tsakiya, na Lotar, an sake raba shi tsakanin 'ya'yansa uku a 855. Wanda ya buɗe wasan a 867 ya ga Turai a yayyanke tsakanin 'yan gida ɗaya, sakamakon wannan rabon yake gani. Ba wa babban ɗa komai da komai al'ada ce da ta kafu daga baya, shi ya sa wasan ma ba ya buɗe ƙofarta sai bayan shekarar 1200.

Sai dai akwai inda wasan ya gaza, kuma nan ne ya fi kamata matashi ya buɗe ido. A cikin wasa kowane basarake ubangida ɗaya gare shi. A tarihi ba haka ba ne. Wiliyam mai lardin Nomandi ya ci Ingila a 1066 ya zama sarki, amma game da Nomandi yana nan a matsayin baran sarkin Faransa. A wasa da zarar ya ci Ingila sai Nomandi ta bi shi ta fita daga Faransa, magana ta ƙare. A zahiri maganar ta ɗauki kusan shekara 400 ba ta ƙare ba. Henri na II ya gaji Nomandi da Anju, ya auri Eliyano mai Akwiten a 1152, ya hau gadon Ingila a 1154, ya wayi gari ƙasar da yake riƙe da ita a cikin Faransa ta fi wadda sarkin Faransa ke riƙe da hannunsa, alhali a ƙa'ida shi ne bara. A 1202 kotun Sarki Filib na II ta yanke cewa Jon ɗan Henri ya ƙi amsa kiran ubangidansa, don haka ya rasa haƙƙinsa, kuma zuwa 1204 Nomandi ta faɗa hannun Faransa. A 1337 Filib na VI ya sake ƙwace Akwiten daga Edwad na III da irin wannan hujja, aka shiga yaƙin da ake kira na Shekara Ɗari, wanda bai lafa ba sai 1453. Mutane sun mutu tsara bayan tsara a kan tambayar da wasan ya share da dannawa ɗaya.

Wiliyam ɗin da kansa ya san ruɗanin. A ƙarshen 1085 ya ba da umarni a bi Ingila gari gari a rubuta wanda ke riƙe da kowane wuri a zamanin Sarki Edwad, wanda ya mulki Ingila kafin zuwan Wiliyam, da wanda ke riƙe da shi yanzu, da yawan garmunansa da injinan niƙansa da abin da yake kawowa. Sakamakon shi ne littafin Domesday na 1086, mai ɗauke da wurare sama da 13,000, wanda har yau yana ajiye a gidan adana takardun tarihi na Birtaniya da ke Kew. Sarkin da ya ci ƙasa da takobi sai da ya tura masu bincike su tambayo masa wa ke da me.

Ragowar wancan zamani tana nan a taswirar yau. A 1278 bishop na Urgell da mai gundumar Foix suka sasanta rikicinsu a kan kwarin Andora da cewa su mulke shi tare. Haƙƙin Foix ya bi gado ya shiga gidan sarautar Faransa, shi ya sa har yanzu shugabannin Andora biyu ne, bishop na Urgell da shugaban ƙasar Faransa. A garin Baarle kuwa, yarjeniyoyin da masu Brabant da masu Breda suka ƙulla tun ƙarshen ƙarni na 12 sun bar gutsattsarin ƙasar Beljiyam 22 a cikin Holan, wasunsu ma da gutsuren Holan a cikinsu. Iyaka tana ratsa ɗakunan kwana da shaguna, kuma wurin da ƙofar gida take shi ke nuna ƙasar da gidan yake.

Har takardar jabu da mai wasa ke tura malamin fadarsa ya ƙirƙiro don ya sami hujjar yaƙi tana da asali. A tsakanin 1358 da 1359 Rudolf na IV na Ostiriya ya sa aka ƙaga takardun da ake kira Privilegium Maius, waɗanda suka ba gidansa na Habsburg gata na musamman, har da wasiƙun da aka jingina wa Yuliyas Kaisar da Nero. Cals na IV, sarkin daular da Ostiriya ke ƙarƙashinta, ya nuna wa masani Petrak, shi kuma ya ce ƙarya ce. Amma da wani ɗan gidan Habsburg, Firedirik na III, ya hau gadon daular, sai ya tabbatar da su a 1453. Wasan yana mayar da wannan abin dariya da riba. Matashi mai hankali ya kamata ya ga ɗaya fuskar: ƙaryar da aka rubuta aka buga mata hatimi tana iya cinye haƙƙin mutane na ɗaruruwan shekaru, kuma wanda aka zalunta da ita ba ya cikin allon kwamfuta.

Gazawar wasan ta biyu ta fi shafar mai karanta Hausa. Wasan ya ɗauki tsaninsa ya shimfiɗa wa duk ƙasashen da ke taswirarsa. Masana tarihi ma sun daɗe suna jayayya cewa tsarin bai dace da ita kanta Turai ba. Elizabeth Brown ta yi wannan suka a 1974, Susan Reynolds ta faɗaɗa ta a littafinta Fiefs and Vassals na 1994, inda ta nuna cewa masana shari'a na baya ne suka tsara tsanin tsaf, ba haka mutanen zamanin suka rayu da shi ba. Balle a ƙasashen Musulmi, inda aka san iƙɗa'i: sarki ya ba kwamanda damar karɓar harajin wani yanki a madadin albashi, ba mallakar ƙasar ko mutanenta ba. Nizamul Mulk, wazirin Saljuƙawa da aka kashe a 1092, ya bayyana a littafinsa Siyasatnama cewa mai iƙɗa'i ba shi da wani iko a kan talakawa face karɓar abin da aka ƙayyade cikin sauƙi, kuma idan ya yi zalunci a karɓe daga hannunsa.

Ƙasar Hausa tana cikin taswirar wasan. Ɗaya daga cikin sarakunan da ake tallata wa mai wasa a 867 ita ce Daurama ta Daura, wadda aka ɗauko daga labarin Bayajida, aka ba ta al'adar Hausawa da addinin da wasan ya kira Bori. Abin farin ciki ne matashi daga Katsina ko Maraɗi ko zangon Kumasi ya ga sunan gida a wasan da duniya ke bugawa. Amma shekarar 867 zaɓin masu wasan ne, labarin baka bai zo da ita ba, kuma gundumomin da aka zana mata masu iyaka tsaf ba su yi kama da yadda sarauta ta riƙe ƙasa a nan ba. A Kano ta ƙarni na 19 manyan hakimai a birni suke zaune kusa da sarki, garuruwan da ke hannun kowannensu a warwatse suke, wannan a gabas wancan a yamma, jakadu ne ke kai da kawowa suna tattaro kuɗin ƙasa. Shi sarkin kuma yana aika gaisuwa Sakkwato ta hannun Waziri. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903 ne suka tattara garuruwa wuri guda suka mai da su gundumomi, suka fitar da hakimai daga birni su je su zauna a cikinsu. Daga nan aka saba jin Madaki a Dawakin Tofa, Makama a Wudil, Sarkin Bai a Dambatta. Littattafan M. G. Smith a kan sarautar Zazzau da ta Kano sun bi wannan sauyi daki daki, kuma duk wanda Daurama ta ja hankalinsa a wasa ya kamata ya nemi ya karanta su.

Don haka shawarar farko ita ce haƙuri da karatu. Kafin a danna maɓallin yaƙi, a tsaya a karanta sharuɗɗan nasara, domin wasan yana faɗin wanda zai karɓi sarautar da kuma ko zai zauna ƙarƙashin mai wasa. Kafin a aurar da 'ya ko a naɗa bara, a duba jerin magada. A riƙa buɗe shafin gado tun sarki yana da ƙarfinsa, a ga abin da kowane ɗa zai samu. Matambayi ba ya ɓata, kuma rabin asarar da ake yi a wasan nan gaggawa ce ke jawo ta.

Ta biyu, kada a ɗauki wasa a matsayin malami. An gina shi don ya yi daɗin bugawa, ya sauƙaƙa abin da ya yi wa injin nauyi, ya cike gurbin da tarihi ya bari da abin da ya ga dama. Amfaninsa shi ne ya tayar da tambaya. Wanda ya buga Wiliyam ya je ya karanta abin da ya faru a 1204. Wanda ya buga sarakunan Kanem ko Gana ya nemi abin da malamai suka rubuta a kansu. Kuma wasa ne mai cin dare, shekara 600 ba ta ƙarewa a zama ɗaya, saboda haka wanda bai yanka masa lokaci ba zai tarar ya ci masa sallar asuba da karatun jarrabawa.

Ta uku ita ce mafi nauyi. Tambayoyin nan uku ba a kwamfuta kaɗai suke aiki ba. Gona ɗaya a ƙauye tana iya zama gadon gida wanda ba a raba ba, an ba wani aronta shekara ashirin, shi kuma ya jinginar da ɓangarenta, ga itacen ɗorawa a tsakiya da kowa ya san na wata gwaggo ne, ga burtali a gefe da makiyaya ke da haƙƙin bi bayan an kwashe amfani. Mai noma daban, mai asali daban, mai ikon sa hannu daban. A Najeriya dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, abin da mutum ke riƙewa izinin zama ne, wanda a birane akan ba da takardarsa na shekara 99. A Nijar dokar karkara ta 1993 ta kafa kwamitocin ƙasa, waɗanda daga baya suka kai har matakin ƙauye, masu ba da shaidar saye da kyauta da aro da jingina. Shari'un fili da yawa da ke raba 'yan'uwa suna tasowa ne bayan dattijon da ya san amsoshin ya rasu bai faɗa wa kowa ba.

Matashin da ya iya zama awa uku yana bin diddigin wanda zai gaji wata gunduma a Ayalan, ba zai gagare shi ya zauna da mahaifinsa ko baffansa yamma ɗaya da biro da takarda ba. Ya tambayi wa ya sari gonar tun farko, wace ce gado wace ce aro, su wa suka shaida cinikin filin da ke bayan gari, ina takardar dagaci take, kuma ko an taɓa kai maganar gaban alƙali. Ya rubuta sunayen maƙwabtan iyaka na gabas da yamma da kudu da arewa, ya ɗauki hoton kowace takarda da wayarsa, ya tura wa 'yan'uwansa maza da mata kowa ya ajiye kwafi.